Kunnen Fermina

Daga La Paz zuwa El Alto hanya ba ta san kwanciya ba,
hawa ne a kan hawa, iska kuma 'yar kaɗan,
mutum na haki, mota na haki.
A nan bas ɗin Nicanor ta koyi ruri.

In tana tsaye, lafiya lau, kyanwa a cinya.
Ya taka totur, sai ka ce guguwa ta ɗage kwanon rufi.
Mata masu buhunan dankali su toshe kunne,
yaron mota ya kira sunan unguwa, muryarsa ta nutse.

Kwana tara yana ƙara wa rediyo murya.
Wani ya ce giya ce ta ci kanta,
wani ya ce inji ya gama yayinsa, sai sabo.
Ya ƙirga kuɗin a zuci, ya sake ƙirgawa,
ko rabi bai kama ba, barci ya ƙi.

Garejin Fermina Ticona na bayan kasuwa.
Hula mai tudu a ka, jelar kitso biyu har ƙugu,
baƙin mai ya yi gida a zanen tafinta.
Ba ta taɓa sifana ba tukuna. Ta ce, ba ni labari.
In ka karya kwana, tana ƙas-ƙas a taya?
A'a.
Tsuwa ce siririya, irin ta fanbel da safe?
A'a, daga ciki take, mai kauri.
In ka ɗaga ƙafa fa?
Sai ta yi tsit.
To, in ji ta. To.

Ta sa dutse gaban taya, dutse baya,
ta ce ja birki, taka mini kaɗan.
Inji ya zabura, ya karkata gefe
kamar mai ɗingishi ya yi tuntuɓe.
Ta gani, ba ta ce uffan ba.

Ta ɗauko guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenta,
ɗayan tana lalube da shi cikin ƙarafa,
a hankali, don wurin da zafi.
Yaronta ya danna tsumma a bakin salansa,
hayaƙi ya rasa ƙofa, ya tona asirin kansa:
fis, fis, fis, can inda bututu ya haɗu da inji.
Ga kunkunniya ta zana baƙin layi a wurin.

Ta ce, injinka bai mutu ba, kujerarsa ce ta karye,
robar da yake zaune a kai ta tsage biyu.
Ka taka, ya murɗa, ya ja bututu, baki ya buɗe.
In na toshe bakin na bar kujera,
wata mai zuwa ka dawo kana zagina.

Noti biyu sun yi tsatsa, sun ƙi magana.
Ta jiƙa su da mai, ta sha shayin ganye, ta jira.
Ɗaya ya yarda. Ɗaya sai da ya ga wuta.
Kafin inuwar Illimani ta yi ja,
sabuwar roba ta zauna, an ɗaure baki gam.
Kuɗin da ta faɗa ya sa shi tambaya sau biyu.

Ya hau tudu, ya taka har ƙasa.
Shiru, sai numfashin inji.
Ya ji wata tsohuwa a baya tana ƙirga canji,
ya ji cikinsa na kuka.

Da ya isa gida, Delfina ta fito da ludayi a hannu.
Kwana tara, in ji ta, tun daga gada nake jin ka,
sai in ɗora miya.
Yau ka zo kamar ɓarawo.
Zauna, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba.