Tukunyar Tabawa

A ajinmu na Ƙofar Sauri
Malam Lurwanu ya cika allo da alli:
kamance, siffantawa, kambamawa, jinsintarwa.
Na kwafa, na haddace,
kaina ya yi nauyi kamar... kamar me?
Abin kamantawar ma ya gagare ni.

Da magariba na iske Tabawa bakin murhu.
"Sau dubu na aika kiranka," ta ce.
"Ji tukunyar nan, tun la'asar take gunaguni.
Ka shigo min yaushi kamar gero a shekarar fari.
Cikinka dai rijiya ce, zauna ka ci."

Na tsame hannu daga miyar kuka,
na lalubo biro.
Duka huɗun, a numfashi ɗaya,
daga bakin da bai taɓa karanta baƙi ba.

Ranar jarrabawa ita na rubuta.
Malam ya sa jan biro: "Madalla! Wane littafi ne?"

Na kai mata takardar.
Ta riƙe ta a kife, ta taɓe baki:
"Wane ado kuma? Gaskiya na faɗa,
gunaguni take."
Sai ta lanƙwasa takardar biyu
ta shiga fifita wuta da ita.