Ƙashin Bayan Babur

A Cárdenas iskar teku ba ta sallama,
gishiri take kawowa, ta bar wa ƙarfe.
Babur ɗin babana Ovidio ya girme ni,
ya girmi kwanon rufinmu.

Ran Lahadi ya sauke inji kan buhu,
ya cire tanki, ya cire taya,
sai ƙwarangwal tsirara a tsakar gida.
"Kowa inji yake saurare," in ji shi,
"ba mai gaida wanda ya goya injin."

Ya ja zare daga wuya zuwa wutsiya.
Zare ba ya ƙarya: ƙashi ya karkace
faɗin yatsa, tun faɗuwar hanyar Matanzas.
Ya bi walda da farce, ya iske tsaga
siririya kamar gashi, ƙarƙashin sirdi,
inda mahaifiyata ta zauna shekara ashirin.

Ba kantin da ke sayar da kayan tsohon nan.
Boris ɗin wuya daga injin matsar rake ya fito,
shokazoba ta wata matacciyar mota ce,
ya yanke, ya gwada, ya sake yankewa.
Ni ce mai riƙe fitila,
giris har gwiwar hannu.

Rana na faɗuwa hannunsa ya soma rawa.
Ya miƙo mini sandar walda.
"Yusimí, a hankali. Kar ki cika wuta."

Ɗinkina ya fito ƙulu-ƙulu, mummuna.
Ya buga shi da guduma sau uku, ya kasa kunne,
sannan ya tashi neman fenti.