Ƙarafa Bakwai a Katako

Shekara goma sha tara ina ɗaukar jakar wasu
a filin nan na bayan gari.
Ƙwallon lambu ake ce wa wasan, mu namu ba lambu,
sai yashi da tsakuwa, kowa da guntun tabarmar roba
yana shimfiɗa wa ƙwallo kamar baƙuwa.
Na san lamba bakwai da nauyinta a kafaɗa
tun ban san ta a tafin hannu ba.

Yau Asabar, ga ni a Katako da jikka arba'in a leda,
kuɗin adashen Zuwaira,
ta ce rance ne, ta faɗa har sau biyu.

Sumana ya jawo su daga ƙarƙashin matattun fankoki,
ya karkaɗe su da hularsa.
Kashi biyu ne.

Na farko sirara, baki kamar askar wanzami,
bayansu sumul.
Wani likita ya bar su da zai koma ƙasarsu, in ji shi.
Na san halinsu. Suna jin magana,
ka ce hagu su yi hagu, ka ce tsaya su tsaya cik.
Amma ka kuskure ko da ƙwayar gero,
sai sun kai ƙararka har gwiwar hannu,
ƙwallo ta shige ƙaya ta bar ka da kunya.
Haka mahaifina yake, Allah ya jiƙansa,
a wurinsa babu "saura kaɗan".

Na biyu masu faɗin gindi, baya a rarake kamar ludayi,
nauyin duk an kai shi gefe.
Ko da leɓe ka doka, sun rufa maka asiri,
ƙwallo ta tashi kamar ba a yi komai ba.
Sai dai ba su jin raɗa.
Ka ce a lanƙwasa a kewaye gawon nan na rami na shida,
su ce mu miƙe kawai muka iya.

Sumana ya ce zaɓi mana, rana tana yi.

Na dubi hannuwana. Hamsin da biyu.
Da safe yatsun sai sun yi gardama kafin su kama kofin shayi.
Zuciya ta ce ɗauki sirara, su gani,
waɗanda ka share wa gumi a sanda.
Wuyan hannu ya ce su wa?
Rabinsu sun hau jirgi, sauran sun manta sunanka.

Sai na tsuguna na raba su a ƙasa, kamar mai kasa tumatir.
Huɗu, biyar, shida daga masu yafiya,
don tafiya mai nisa tana son a yi maka uzuri.
Takwas, tara da ta kusa da rami daga sirara,
don a bakin ƙofa ba na son a yi mini ƙarya.

Sumana ya dafe kai.
Wa zai sayi marayun da ka bari?
Muka ja, ya rantse, na miƙe, ya kamo rigata.
Arba'in ɗin duka, da alkawarin zan kawo masa ƙwallaye ashirin
cikin waɗanda nake tsinta a kwazazzabo.

Lamba bakwai ta rage.
Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan, har aka kira azahar.
Na ɗauki mai faɗin. Ban gaya wa zuciyata ba.

A bayan kabu-kabu suna ta ƙararrawa har Lazare.
Zuwaira ta leƙa buhun ta ce,
waɗannan ai ba uwa ɗaya ba uba ɗaya.
Na ce haka gidanmu ma yake, kuma ana cin tuwo.

Da la'asar sakaliya na fita fegi bayan makaranta,
na shimfiɗa tabarmata, ba mai riƙe mini jaka.
Na doka.
Ta tashi, ta ɗan karkata dama,
ta sauka kusa da akuyar wani.
Sandar ba ta ce mini komai ba.
Na je na ɗauko da kaina.