Baki da Kunne

Kwamfutar Baba ta shekara ashirin da shida
a saman kabad, ƙarƙashin tsohon bargo,
har launinta ya koma na haƙorin mai cin goro.
Ranar da muka sauko da ita, ta yi tari sau biyu,
ta buɗe koren idonta, tana ƙyaftawa.
Akwai magana a cikinta,
amma faifanta ba ya shiga komai a gidan nan,
tawa sabuwar kuma ba ta san yarenta ba.

Na gangara Dilimi cikin yayyafi.
Tsoho Dalyop mai gyaran rediyo
ya zazzage gwangwanin madara a kan benci,
ya tsinto kawuna biyu:
ɗaya mai haƙora ashirin da biyar,
ɗaya mai tara, gefensa da tsatsa.
Ya ce, "Waya uku ta ishe ki, Kande.
Bakin wannan zuwa kunnen wancan,
kunnen wannan zuwa bakin wancan.
Ta ukun ƙasa ce.
Ko mutane sai sun taka ƙasa ɗaya suke jin juna."

A gida, a Gangare, na share teburin cin abinci.
Na fere wayoyin da reza: ja, fara, da shuɗiya.
Ƙarfen liƙi ya yi zafi, hayaƙi ya miƙe siriri.
Dalma ce da kuza, in ji Dalyop.
Kakana ya wanke kuza a Bukuru,
ƙafafunsa cikin ruwan sanyi tun asuba,
aka loda ta a jirgin ƙasa, ta tafi.
Ga ta nan ta dawo, nannaɗe kamar zare,
ana sayar mini da ita kamu-kamu.

Na gicciya biyu da uku, don haka na taɓa ji ana yi.
Na jona. Na danna.
Shiru.
Na sake dannawa. Ruwa na dukan kwano.
Ashe baki na haɗa da baki, kunne da kunne:
can biyu suna ta ihu a fuskar juna,
nan biyu sun kasa, suna jiran wanda zai fara.
Na san irin wannan zaman.
Mun yi shi da Baba a falon nan, shekara uku.

Na kira Dalyop, ya yi dariya har da tari.
"A kan mai tara an riga an juya lambobin!
Biyu ga biyu, uku ga uku,
bakwai ga biyar. Kwance ki sake."
Na kwance. Ƙarfen ya lashi ɗan yatsana,
na tsotsa, na ci gaba.
Aka ɗauke wuta. Na zauna da tocila a baki
har aka dawo da ita bayan isha'i.

Sai ga abu a allona:
ƙugiyoyi, akwatuna, tafiyar kaza a kan rairayi.
Na rage gudun daga dubu tara da ɗari shida
zuwa dubu da ɗari biyu.
Da tsoho ake magana, ba a yi masa gaggawa.

Haruffa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya,
kamar awaki ta ƙofar garke.
Ba wasiƙa ba ce. Ba wasiyya ba.
Lissafin dankali ne na Farin Gada:
buhu nawa daga Bokkos, wa ya biya, wa ya ce gobe,
kuɗin mota, kuɗin 'yan dako,
ranar da ƙanƙara ta ɓata gona.

Na bi layi-layi, shayina ya huce.
Can wajen sha ɗaya na dare, wani ya iso:
"Laraba. Buhu goma sha huɗu, biyu sun ruɓe.
An haifi mace. Tana da ƙarfin murya.
Ban je kasuwa ba."

Na riƙe wayar, inda liƙin bai gama kamawa ba,
kada ta motsa
kafin layi na gaba ya ƙetaro.