Igiya da Murya

Shekara tara ina cin abinci a kan ruwan gishiri,
ni ɗan Nima da ban iya iyo ba sai da gemu ya fito.
Jirginmu fari ne, na masu hannu da shuni.
Mu kwashe su a Jamestown, gindin hasumiyar fitila,
mu kai su inda Accra ke komawa zanen alli,
su sha iska, su ɗauki hoto,
mu kuma mu wanke amai.

Kyaftin na farko, Ayitey Okai,
muryarsa kan riga shi hawa jirgi.
Bai san sunana ba sai a wata na bakwai,
kafin nan “Kai, Zango!” nake amsawa.
In ya ce ja, ka ja.
In ka nemi dalili, dalilin zai zo da yawu a fuskarka.
Ban ce bai iya ba. Ya iya.
Yana karanta hadari yadda mai tuyar kifi ke karanta fuskar mai tayi,
bai taɓa kifar da ko cokali ba.
Amma a hannunsa muka koyi sana'a ta biyu,
wato ɓoye kuskure.
Igiya ta fara cinyewa? Juya wurin ƙasa.
Mai na ɗiga? Jefa tsumma, ka taka.
Sama jirgi na sheƙi,
ƙasa ƙaryarmu ce ke tallafe da shi.

Da ya koma Takoradi aka kawo mace,
Esinam, 'yar Keta, gajera, hularta ta koɗe.
Mun yi dariya a ɗakin inji.
Ta zauna kan bokiti ta ci dokunu da mu,
barkono ya sa ta hawaye ba ta tashi ba.
Kullum da safe tambayarta ɗaya:
“Me ya lalace?”
Mako guda ba wanda ya tanka.
Sai Issifu, ƙaraminmu, ya ce sifana ta faɗa masa ƙarƙashin inji,
ya rufe ido yana jiran mari.
Ta ce, “Na gode. Saura me?”
Ranar muka yi ta amayar da shekaru.

Wata Asabar cikin Yuni, baƙi goma sha biyu,
leda ta naɗe farfela, inji ya yi tari ya mutu,
teku na tura mu duwatsun Osu
kamar ɗan dako da kura a gangara.
Nan ta yi tsawa. Sau ɗaya.
Tsawar da ba a saba ji ba, ƙashi take shiga.
Ta ɗaura igiya a ƙuguna, ɗaya bakin a nata,
ta sa min wuƙa a hannu:
“Mumuni, in ka tafi, tare muka tafi.”
Na nutse. Na yanka. Na fito ina aman gishiri da salati.

Mai jirgi ya sallame ta bayan Sallah.
Wai tun da ta zo kuɗin gyara ya ninka.
Gaskiya ne. Gaskiyar ce ma ta yi tsada.

Yanzu sitiyari na hannuna.
Jiya wani sabon yaro ya saki igiya a ruwa,
na buɗe baki, sai ga Ayitey ya fito,
da jijiyar wuyansa da komai.
Rabi na furta, rabi na haɗiye,
ya wuce maƙoshina kamar ƙayar kifi.
Yaron na tsaye, kafaɗa a ɗage, ido a rufe.

Na ce, “Yaya ma sunanka?”
Ya ce Tetteh.
Na ce, “Tetteh, ɗauko ta. Sannan ka zo ka faɗa min,
saura me?”