Sunan da ke Bayan Ɗigo

Ƙarfe tara na dare a Dilimi.
Sanyin Jos ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya zauna mini a gwiwa.
Nanret ta ajiye filas a kan tebur:
"Kwamfutar babana ce a ciki, dukanta,
lissafin dankali na shekara goma sha ɗaya,
da muryarsa, in an dace."

Fayil guda ne, giga arba'in.
Bayan ɗigo an laƙaba masa suna,
amma ni a bakin kasuwar Farin Gada na girma,
na ga buhun da aka rubuta wa sukari,
aka kwance bakinsa, acca ta zubo.
Suna riga ce, ana aronta.

Sai na buɗe masa baki kamar mai sayen rago,
haƙoran farko nake dubawa.
Wani da Q da F da I yake sallama,
wani KDMV, tsagar gidansu a goshi.
Akwai mai ɓoye tambarinsa can a wutsiya,
sai ka bi shi har ƙarshe kafin ya ce ɗan wane ne.
Akwai kuma ɗanye, ba tsaga, ba zane,
faifai yadda aka haife shi.

Sabitu, yaron shagona, ya yi hamma:
"Oga, bar manhaja ta canka mana, mu tafi gida."
Na ce zauna.
Ɗanyen faifai allo ne,
duk baƙon da ya kwana a cikinsa
yana iya zana tsagar wani a goshinsa.
Gobe manhaja ta gani, ta gaskata,
ta ce, "To ina mahaifinka?"
Ya nuna mata ɗakin maigida,
ta ɗauko mabuɗi da hannunta ta miƙa masa.
Canki-canka wasan dandali ne, Sabitu,
ba a tsaron gida da shi.

Kakana kuza ya wanke a Bukuru,
bai taɓa yarda da baƙin yashi don baƙinsa ba,
sai ya ji nauyinsa a ƙasan ƙwarya.

Wuta ta ɗauke. Janareta ya yi tari sau uku, ya tashi.
Na sake dubawa: K, D, M, V.
Na auna girman da ya faɗa da girman da na gani,
na duba ko yana kiran wani uba a ɓoye. Babu.
Sannan na rubuta wa manhaja irinsa da yatsuna,
ban bar mata zaɓi ba.

Kwamfuta ta farka a cikin kwamfuta.
Ga gona a Bokkos, kore shar,
ga dattijo da hular sanyi yana dariya da giɓi.
Nanret ba ta ce komai ba.
Ta goge gilashin da gefen mayafinta,
ko da yake babu ƙura a kansa.

Sabitu ya tafi ɗora shayi.