Baitin da Jatau Bai Yi Ba

Mun fito sha ɗaya da 'yan kai,
ruwan Agusta ya ɗauke, ya bar ƙamshin ƙasa,
kwatoci na ta gunaguni a bakin titin Kakuri.
Mu biyar muka cusu a keke guda,
ba wanda ya san wani kafin magariba.

Ba mai cewa uffan har muka zo masaƙa,
ƙofa a garƙame, ciyawa ta kai kafaɗa.
Nan Baba Ɗanjuma ya yi gyaran murya:
"Shekara sha tara na yi a cikin nan.
Duk ranar albashi Jatau na bakin ƙofa
da gurminsa da tsohuwar hularsa,
muna jefa kwabbai yana zolayar fomanmu.
Yau ga gemu fari fat,
amma yatsun nan ba su ji labarin tsufa ba."

Tabita mai doya ta gyara ɗankwalinta:
"Ni waƙar jirgin ƙasa ce ta tsaya mini a wuya.
Ya kawo mu Kafanchan lafiya lau,
ya ɗauko baiti na huɗu,
sai ya rufe baki.
Gurmi na tafiya, shi ya tsaya."

"Mantuwa ce," in ji Hamisu, ɗan makaranta,
yana shafa gilashin wayarsa da gefen riga.
"Tsufa ai ba ya sallama."

"Rufe mana baki, yaro.
Mai gona ba ya ɓata a gonarsa.
Bar mana ya yi, ya ga ko muna da riƙo."

Mun kuwa riƙe.
Na tuna yadda shirun ya yi nauyi,
fanka ɗaya na kuka a saman zaure,
sai wata murya daga baya, siririya, mai rawa,
sai goma, sai ɗari,
masu hula da masu sarƙar gicciye,
kowa ya ciro baitin daga inda ya ajiye shi.
Nawa a bakin uwata na same shi,
tana guga da dutsen gawayi a Tudun Wada.

Lantana tela, da ba ta tanka ba tun ɗazu,
ta ce, "Ba ku ga kujerar ba?
'Yar ƙarama, a hagunsa, ba kowa a kai.
Ta Tanko ce, ɗan amshinsa.
Shekara talatin wannan baitin nasa ne.
Bara da azumi aka kai shi makwanci."

Direba ya rage wuta ba a ce masa ba.

A shataletalen tasha Tabita ta sauka,
za ta nemi motar Barnawa.
Ta biya nata, ta biya na Baba,
ta tafi tana rantsuwa ba mantuwa ba ce.

Muka hau gada.
Kogi ya cika ya batse, baƙi wuluk,
fitilun gari na karyewa a cikinsa.
Hamisu ya ce bari mu ji abin da ya ɗauka.
Wayar ta yi tari, ta saki hayaniya:
gurmi can nesa kamar ɗigon ruwa a kwano,
taro na ja, wasu gaba wasu baya,
wannan na cewa "Zariya", wancan na cewa "Minna",
ga wata muryar ƙato dab da waya,
ta kauce wa kiɗa, tana karkarwa,
ko kunya babu.

Suka fashe da dariya, har direba.
"Wane ne wannan mai kashe waƙa?"

Na juya ina kallon ruwa.
Ni na zauna kusa da Hamisu.